Sayen sabuwar ƙaramar jif: ciniki a gaban dila ko neman farashi a rubuce?

Mutum biyu kan sayi mota iri ɗaya a mako ɗaya a wurin dila ɗaya, amma abin da ya fita daga aljihunsu ya sha bamban. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya iya baki ba ne. Hanyar da kowannensu ya bi ce ta raba su. Hanyoyin uku ne: ka je ka zauna da mai sayarwa ku yi ta ja-in-ja, ko ka aika wa diloli da dama su ba ka farashi a rubuce, ko ka saya inda farashi ɗaya ne babu ragi. Kowacce na da wanda ta dace da shi, amma ga yawancin masu saye ta biyun ta fi, kuma dalilin yana cikin yanayin kasuwar wannan ajin mota.

Ƙaramar jif ita ce wadda tsawonta ke tsakanin mita 4.4 zuwa 4.7, galibi mai kujera biyar. Toyota RAV4 ta fito a 1994, Honda CR-V ta biyo ta a 1995, Subaru Forester a 1997, sannan Hyundai Tucson a 2004, Volkswagen Tiguan a 2007, Mazda CX-5 a 2012. Ga kuma Kia Sportage, da Nissan X-Trail wadda ake kira Rogue a Amurka. Wannan cunkoso shi ne makamin mai saye. Motocin sun yi kama da juna a girma da ƙarfin inji da faɗin but, har Tucson da Sportage ma a kan ƙashi ɗaya aka gina su. Dila ya san idan ka fita daga wurinsa akwai mota biyar ko shida da za su yi maka aikin da tasa za ta yi. Wanda ya nuna cewa wannan motar kaɗai yake so, a wannan launi, kuma yau, ya zubar da makaminsa tun kafin a fara.

Farashi nawa ne a jikin mota ɗaya

Kafin a kwatanta hanyoyin, dole a san cewa mota ɗaya tana da farashi aƙalla huɗu. Na farko shi ne wanda kamfani ya ba da shawara a sayar, wanda ake liƙawa a gilashi. A Amurka doka ce ta tilasta liƙa wannan takarda tun 1958. Shawara ce kawai: ana iya sayarwa ƙasa da shi, ana kuma iya haura shi, kamar yadda aka gani a 2021 da 2022 lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage ƙera motoci, diloli suka riƙa ɗora ƙari. Na biyu shi ne farashin da ke kan takardar da kamfani ya sayar wa dila. Na uku shi ne ainihin abin da motar ta tsaya wa dila, wanda ya gaza na biyun, domin kamfanoni da yawa suna mayar wa dila wani kaso bayan ya sayar (a kasuwar Amurka yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari), ga kuma kyautar da ake ba shi idan ya cika adadin da aka ɗora masa na wata ko na wata uku. Don haka idan mai sayarwa ya nuna maka takardar kamfani ya ce, "Yallaɓai, ga yadda muka saro ta, ƙasa da haka faɗuwa ce," takardar na iya zama gaskiya, maganar faɗuwar kuma ba gaskiya ba.

Na huɗu shi ne wanda ya shafe ka: jimillar abin da za ka biya ka fita da motar. Ya haɗa kuɗin motar, kuɗin jigila daga masana'anta, haraji, rajista, kuɗin takardu, da duk wani abu da dila ya ƙara. A kan wannan kaɗai ake ciniki. Duk ragin da aka yi maka a farashin gilashi ana iya mayar da shi ta ƙofar baya a kuɗin takardu ko a kayan da ba ka nema ba.

Zama a gaban mai sayarwa

Zuwa da kai ya fi aike idan maganar gwada mota ce. Ba za ka san ko kujerar baya ta ishi dogon mutum ba, ko giyar CVT (giyar otomatik marar matakai) da ke cikin CR-V da Forester da X-Trail tana yi maka daɗi ba, sai ka tuƙa. Ka hau hanya mai gargada, ka taka birki da ƙarfi, ka kwantar da kujerun baya ka ga ko but ɗin ya miƙe daidai. Wannan ziyara wajibi ce. Kuskuren shi ne a haɗa ta da ciniki a rana ɗaya.

Mai sayarwa yana yin wannan ciniki kullum, kai kuwa sau ɗaya a shekaru da yawa. Bayan ka tuƙa motar ka ji ƙamshin sabunta, zai zaunar da kai ya jawo takarda. Wata tsohuwar dabara ita ce a raba takardar gida huɗu: farashin mota, kuɗin tsohuwar motarka, kafin-alƙalami, da biyan wata-wata. Tambayarsa ta farko kusan kullum ita ce, "Nawa kake ganin za ka iya biya a wata?" Da zarar ka amsa, cinikin ya tashi daga kan farashi ya koma kan wata. Idan ka matsa a gida ɗaya, sai ya sassauta a can ya ɗaure a wani. Ya ƙara wa tsohuwar motarka kuɗi, ya hana ragi a sabuwar. Ya rage biyan wata, ya ƙara yawan watanni. Sannan akwai tashin da yake yi ya ce zai je ya tambayi manaja, ya bar ka zaune. Jiran ba banza ba ne: wanda ya ɓata awa uku a wuri yana jin nauyin tashi hannu rabbana.

Duk da haka hanyar tana da amfaninta. Idan dila ɗaya ne tak a yankinka, ko motar da kake so ɗaya ce ta rage, babu wanda za ka haɗa shi gasa da shi. Kuma idan ka dace da ranar da saura mota ɗaya ko biyu dila ya cika adadinsa, mutumin da ke zaune a gabansa da kuɗi a shirye yakan samu abin da mai aiko da saƙo ba zai samu ba. Mai bin wannan hanya ya riƙe abu uku. Ya zo da adadin da ba zai wuce ba a rubuce a aljihunsa. Ya fara tayi daga ƙasa, kusa da farashin da dila ya saro, yana hawa kaɗan-kaɗan, kada ya fara daga farashin gilashi yana roƙon a sauko. Idan ya yi tayi kuma ya yi shiru, kada ya ƙara a kan tayinsa kafin ɗaya ɓangaren ya motsa. Masu saye da yawa su suke yi wa kansu ƙari saboda shirun ya dame su.

Neman farashi a rubuce

A nan kai ne ka tsara fagen. Da farko ka tsayar da motar daki-daki: samfuri, shekarar samfurin, matakin kayan ciki, inji, mai jan ƙafa biyu ko huɗu, da launi biyu ko uku da za ka iya karɓa. Idan ba ka tsayar ba, farashin da za su aiko ba zai kwatantu ba, domin kowa zai kawo motar da ta fi masa sauƙin fitarwa. Sannan ka aika wa diloli biyar zuwa bakwai saƙo iri ɗaya ta imel, har da waɗanda ke nesa da tafiyar awa biyu ko uku. Saƙon gajere ne: ga motar da nake so, zan saya cikin mako guda, a aiko mini da jimillar kuɗin fita da mota, kowane abu a layinsa, tare da lambar shasin motar da ake magana a kai.

Lambar shasin tana da muhimmanci ƙwarai. Harufa da lambobi 17 ne, kuma ita ce shaidar cewa motar tana nan a ƙasa. Farashi mai daɗi da ba ya ɗauke da lambar shasi sau da yawa tarko ne: ka isa a ce maka an sayar da ita jiya, amma ga wata mai ɗan ƙarin kaya. A motocin da aka ƙera don kasuwar Arewacin Amurka, da na wasu kamfanoni a sauran wurare, harafi na goma yana nuna shekarar samfurin: R na 2024, S na 2025, T na 2026.

Amsoshin za su kasu. Wasu za su ce sai ka zo, ba sa ba da farashi ta saƙo. Ka bar su. Wasu za su aiko da adadi ɗaya dunƙule. Ka nemi su warware shi. Biyu ko uku za su aiko da cikakken lissafi, kuma da su za ka yi aiki. Ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka nuna wa sauran, ka tambaye su ko za su iya yin ƙasa da haka. Zagaye biyu ya isa. Na uku yakan sa su daina amsawa, kuma ragin da ya rage a lokacin bai taka kara ya karya ba. Kada ka ƙirƙiri farashin ƙarya ka ce wani ya ba ka. Diloli sun san abin da kowa ya saro, za su gane, daga nan kuma maganarka ta zube. Wanda ya yi nasara sai ya aiko da takardar oda mai sa hannun manaja kafin ka taka ƙafarka zuwa wurinsa.

Abin da ya sa wannan hanya ta fi shi ne ta cire gaggawa da gajiya daga cinikin, ta kuma sa diloli suna gasa da juna maimakon kai kana gasa da gwanin magana. Kana zaune a gida ka jera takardu uku ka ga cewa wanda ya fi kowa ragi a farashin mota shi ne ya fi kowa kuɗin takardu, ya kuma cusa baƙin gilashi da maganin kare fenti. Rauninta shi ne tana cin kwanaki, kuma ba ta aiki idan motar sabuwar fitowa ce mutane na layi a kanta. Dila da ke da mutum goma suna jiran mota uku ba shi da dalilin amsa saƙonka. A irin wannan hali, nasara ita ce ka samu farashin gilashi ba tare da ƙari ba, ko ka koma ga abokiyar gasarta da ke zaune a fili.

Inda babu ciniki

Tesla tana sayarwa kai tsaye a farashi ɗaya, Mercedes-Benz ma ta koma irin wannan tsari a Birtaniya daga farkon 2023, inda dila ya zama wakili kawai. Akwai kuma 'yan tsakiya da ƙungiyoyi masu shirya wa mambobinsu farashi tun da wuri. Wannan ya dace da wanda ba shi da lokaci ko ba ya son ja-in-ja sam. Yana samun farashi mai matsakaicin kyau, ba mafi ƙasa ba. Tambaya ɗaya zai yi wa ɗan tsakiya: wa ke biyanka la'ada? Idan dila ne, to ba kai yake wa aiki ba. Kuma ko inda farashin mota ya kafe, kuɗin tsohuwar mota da sharuɗɗan bashi suna nan a buɗe.

Yadda za a biya

Mutane da yawa suna zaton wanda ya zo da kuɗi lakadan shi dila ya fi so. A kasuwannin da bashin mota ya yi ƙarfi ba haka ba ne, domin dila yana samun la'ada daga mai ba da bashin, wani lokaci ma yana ɗora nasa a kan kuɗin ruwan da aka amince maka. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta haramta irin la'adar da ke ƙaruwa da ƙaruwar kuɗin ruwa a watan Janairun 2021, amma a wurare da dama ana yi har yanzu. Saboda haka kada ka bayyana yadda za ka biya sai an gama maganar farashi. Idan an tambaya, ka ce ba ka yanke ba tukuna, a fara gama na motar.

Mai niyyar cin bashi ya fara zuwa bankinsa ya karɓi amincewa a rubuce, sannan ya ba dila dama ya yi ƙasa da haka idan zai iya. Ga lissafin da ke nuna haɗarin kallon biyan wata kaɗai. A ɗauka bashin 1,000 ne, a kowane irin kuɗi. A kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara na wata 60, za ka riƙa biyan kimanin 19.33, jimilla 1,160. A kan kashi 8 na wata 72, biyan wata ya sauko zuwa 17.53, amma jimilla ta haura 1,260. Na biyun ya fi sauƙi a kunne, ya fi tsada da sama da 100 a kowane 1,000. Ƙari a kan haka, dogon bashi yana sa ka daɗe ana bin ka fiye da darajar motar, domin sabuwar mota ta fi zubar da daraja a shekarunta na farko.

Kamfani kan ba da zaɓi: ko rangwamen kuɗi, ko bashi marar ruwa. A mota ta 1,000 mai rangwamen 50, idan za ka ci bashin duka 950 ɗin a banki a kan kashi 6 na wata 36, za ka biya kimanin 1,040, don haka marar ruwan ya fi. Idan rabi kawai za ka ranta, ruwan kimanin 45 ne, rangwamen ya ɗan fi. Mai biya lakadan kuwa rangwamen ne nasa. Ka tabbata rangwamen kamfani an cire shi bayan ragin dila, domin kuɗin kamfani ne, ba alherin dila ba. Wanda ke bin tsarin murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar masa da ribar da aka tsayar, shi ma ya gama ciniki da dila tukuna, domin a kan farashin da bankin ya saya ake ɗora ribar.

Tsohuwar mota da lokacin saye

Ba wa dila tsohuwar motarka ya fi sauƙi, sayar da ita da kanka ya fi kawo kuɗi. Kafin ka zaɓa, ka samo tayi biyu ko uku a rubuce daga masu sayen tsofaffin motoci, ka ajiye su sai an tsayar da farashin sabuwar. A wasu wurare, kamar jihohin Amurka da yawa, ana cire kuɗin tsohuwar kafin a lissafa harajin sabuwar, wanda kan rage tazarar. Ka duba dokar inda kake. Idan akwai sauran bashi a kan tsohuwar da ya fi darajarta, kada ka yarda a tura ragowar cikin sabon bashi ba tare da ka ga adadin a layinsa ba.

Ƙarshen wata da ƙarshen wata uku sun fi, saboda adadin da aka ɗora wa dila. Toyota da Honda da Nissan da Mazda da Subaru duk suna rufe shekarar kuɗinsu a ƙarshen Maris. Amma abin da ya fi kalanda tasiri shi ne daɗewar motar a fili. Dila yawanci da bashi yake ajiye motocinsa, kowace rana tana ci masa kuɗi, don haka wadda ta yi wata uku a tsaye ta fi wadda ta sauka jiya sauƙin sallamawa. Samfurin bara da ya rage bayan sabon ya iso shi ne ya fi samun ragi. Ya dace da wanda zai riƙe mota shekara bakwai ko fiye. Wanda zai sayar bayan shekara biyu ko uku zai mayar da ragin a lokacin sayarwa, musamman idan an sauya fasalin motar gaba ɗaya.

Zaɓin inji ma yana taɓa cinikin. Mai haɗa fetur da lantarki ta fi tsada kuma ba a cika yin ragi a kanta ba idan ana rububinta. Ka yi lissafinka: idan mai fetur zalla tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗayar kuma lita 6, mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai tsira da lita 300. Ka ninka da kuɗin lita a inda kake, ka raba ƙarin kuɗin motar da shi, ka ga shekara nawa zai ɗauka. Jan ƙafa huɗu kuwa yana ƙara farashi da nauyi da shan mai. Wanda ba ya shiga laka ko yashi ko ƙanƙara zai iya barinsa, sai dai a irin Forester da kusan ko'ina da shi take zuwa.

Ɗakin sa hannu

Ko wace hanya ka bi, a nan za ka ƙare, kuma a nan ake kwashe abin da ka tsira da shi. Za a kawo maka ƙarin garanti, maganin kare fenti da kujeru, iskar naitirojin a taya, zanen lambar shasi a gilashi, inshorar taya da ƙafa. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, don haka wannan bai cancanci kuɗinka ba. Ƙarin garanti kuwa ka auna shi da wanda kamfani ya riga ya bayar: Toyota a Amurka tana ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, Hyundai shekara 5 ko mil 60,000, Kia a Turai shekara 7. Yawanci ana iya sayen ƙarin daga baya kafin na kamfani ya ƙare, babu dalilin yankewa yau. Abu ɗaya da ya cancanci tunani shi ne inshorar da ke cike giɓi tsakanin bashin da ake bin ka da darajar motar idan ta lalace gaba ɗaya, ga wanda kafin-alƙalaminsa kaɗan ne. Ita ma ka tambayi kamfanin inshorarka farashinta tukuna.

Ka ɗora takardar odar da aka aiko maka kusa da yarjejeniyar, ka bi su layi-layi: jimilla, kuɗin ruwa, yawan watanni, lambar shasi. Kada ka sa hannu a takardar da ke da gurbi a buɗe. Kada ka tafi da motar idan an ce bashin bai gama tabbata ba, domin ana iya kiranka bayan kwanaki a ce an ƙi, sai ka karɓi sharaɗi mafi tsada. Kada kuma ka dogara da cewa za ka iya mayar da ita idan ka sake tunani; a Amurka, misali, dokar tarayya da ke ba mai saye kwana uku ya fasa ciniki ba ta shafi motar da aka saya a wurin dila ba.

Kafin biyan ƙarshe ka duba motar da rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Ka kwatanta lambar shasin da ke ƙasan gilashin gaba da ta takarda. Ka duba mitar tafiya. Sabuwar mota mai ɗaruruwan kilomita ta yi aikin gwaji ko an tuƙo ta daga wani dila, kuma wannan dalilin ragi ne. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe masu nuna mako da shekarar ƙera ta, 2324 na nufin mako na 23 a 2024, wanda zai nuna maka ko motar ta daɗe a ajiye. Ka ƙirga makullai, ka ɗaga shimfiɗar but ka ga ko akwai safaya da jak ko kuwa kayan faci ne kawai. Duk abin da aka yi alkawarin kawowa daga baya, ko tabarmar ƙafa ce ko sabis na farko kyauta, a rubuta shi a takarda da sa hannun manaja da ranar cikawa.